Na sauke wili mai inci 19 na koma 17: sharhi kan wani shagon taya a Panteka

A Kaduna, in ka shiga shagon wili da mota mai ƙofa biyu, kafin ka kashe inji an fara jero maka manya. Wannan inci 19 ne, wancan 20, ga mai ƙyalli, ga baƙi wuluk. Da wuya a samu wanda zai tambaye ka wace hanya kake bi ko nawa ne nauyin motar. Shi ya sa nake son yin magana a kan wani shago da ke cikin Tsohuwar Panteka, inda mai shagon ya sauke mini wili mai inci 19 ya ɗora mini mai 17, motar kuma ta fi tashi, ta fi daɗin tuƙi, ta fi kama ƙasa a kan irin titunanmu. Shagon yana da nasa naƙasu, zan zo kansu, amma aikin da ya kai ni an yi shi yadda ya kamata.

Motar Scion FR-S ce ƙirar 2013, shigowar Amurka, mai giyar hannu shida. Ita ce dai wadda ake kira Toyota 86 ko GT86 a wasu ƙasashe, tagwaye suke da Subaru BRZ, kuma a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan ake haɗa su duka tun fitowarsu a 2012. Injinta lita 2 ne, fistin huɗu a kwance, babu turbo, ƙarfin doki wajen 200, tayoyin baya ke tura ta. Nauyinta bai wuce kilo 1,250 da 'yan kai ba. Wanda ya san motoci ya san wannan ba mota ce mai ƙarfin fitar hankali ba, akwai Camry mai fistin shida da za ta bar ta a miƙaƙƙiyar hanya. Daɗinta yana cikin rashin nauyi da yadda take shan kwana. Duk abin da ya ƙara mata nauyi a ƙafa, ya taɓa ainihin abin da aka ƙera ta dominsa.

Da wilin 19 ta iso hannuna, mai ita na can Amurka ne ya saka, da taya 225/35 R19. A ido kam ba a magana. Ko a danja na tsaya sai 'yan acaɓa sun waiwayo. A tuƙi ne labari ya sha bamban. A kan Ali Akilu ko gadar Kawo, inda kwalta take sumul, babu laifi. Amma da zarar na sauka cikin Tudun Wada ko na nufi Rigasa, kowane ɗan tsagi na kwalta sai na ji shi a ƙashin bayana. Tudun rage gudu kuwa sai na kusan tsayawa cak kafin in hau. Da damina ta yi nisa ramuka suka cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsu, ƙafar gaba ta dama ta faɗa ɗaya a hanyar Unguwar Mu'azu. Tun daga ranar tayar take sace iska, kullum da safe sai na biya wajen mai faci, gefenta kuma ya yi wani kumburi. Bakanikena ne ya ce in daina wahalar da kaina, ya kwatanta mini shagon.

Shagon ba shi da wani kyan gani. Rumfar kwano ce mai faɗi, wili a jere a kan katako har sama, tayoyi a tsaitsaye a gefe guda, injin cire taya da na balansin a ciki inda ƙura ba ta kai musu sosai. Mai shagon dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, da yara uku ko huɗu da ke koyon aiki. Abin da ya fara yi shi ya sa na natsu da shi. Bai kalli wilin ba tukuna. Ƙofar direba ya buɗe, ya sunkuya ya karanta 'yar takardar da kamfani ke mannawa a jikin ginshiƙin ƙofa, ya nuna mini da yatsa: 215/45 R17, iska geji 35.

"Malam, waɗanda suka ƙera ta ga abin da suka ce. Kai ka sa mata waɗannan?"

Na ce a'a Baba, haka ta zo.

Ya sa yaro ya ɗaga motar ya kwance ƙafar da ke sace iska. Da aka juyo da cikin wilin sai ga bakinsa na ciki ya lotsa, wajen tsawon yatsa, daga waje ba za ka taɓa gani ba. Ta nan iskar ke fita. Daga nan ya aika aka aro sikeli a wajen masu sayen tsohon ƙarfe da ke maƙwabtaka da shi, ya ɗora wilin 19 da tayarsa, ya sauke, ya ɗora wani mai inci 17 da tayarsa. Bambancin ya haura kilo huɗu. Ya ce in ɗaga kowanne da hannuna in ji.

"Ka ji ko? To sau huɗu. Kuma injinka ne zai yi ta juya su, burkinka ne zai yi ta tsayar da su."

Wannan magana tasa ita ce gaba ɗaya lamarin, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, domin kilo goma sha shida a ƙafafun mota ba ɗaya yake da kilo goma sha shida a cikin but ba. Kayan da ke but a kan sifirin suke zaune, mota ɗaukarsu kawai take yi. Wili da taya kuwa a ƙarƙashin sifirin suke, su ne ke hawa da sauka da kowane tudu da kowane rami. In taya ta daki tudu ta yi sama, aikin sifirin da shokazoba ne su dawo da ita ƙasa nan take. Gwargwadon nauyinta, gwargwadon wahalar dawo da ita. A ɗan lokacin da take tsalle ba ta manne da kwalta sosai ba, babu riƙo, babu burki na kirki. Shi ya sa a kwana mai gargada nake jin bayan motar yana ɗan tsallen gefe, abin da da farko na ɗauka shokazoba ce ta mutu.

Sannan wili juyawa yake yi, ba tafiya gaba kawai ba. Wanda ya taɓa tsayawa wajen injin niƙa ya ga wannan ƙaton ƙarfen da ke gefensa: sai an sha fama kafin ya ɗauki juyi, in an kashe inji kuma ba ya tsayawa nan da nan. Abin da ke jawo haka nauyin da ke can bakin da'ira ne, nesa da tsakiya. Wili mai inci 19 yana tura mafi yawan ƙarfensa can waje fiye da mai 17. Ko da nauyinsu ɗaya ne a sikeli, babban ya fi wuyar juyawa, balle kuma ya fi nauyin. Mota mai doki 500 ba za ta damu sosai ba. Mai doki 200, wadda ma an san injinta da ɗan sanyin jiki a tsakiyar juyi, wajen juyi 4,000 a minti, tana ji a jikinta.

Mujallar Car and Driver ta Amurka ta taɓa gwada wannan a 2010. Suka ɗauki Volkswagen Golf guda ɗaya suka yi ta canza mata wili daga inci 15 har 19. Daga ƙaramin zuwa babban, shan mai ya ƙaru da wajen kashi 10 cikin 100, lokacin tashi daga tsaye zuwa gudun mil 60 a awa kuma ya ƙaru da wajen kashi 4. Riƙon kwana ya ƙaru har zuwa inci 18, a 19 bai ƙara komai ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, maganar kashi 10 ba abin da mai mota a Kaduna zai ɗage wa kafaɗa ba ne.

Lambobin da ke jikin taya ma suna ba da labarin, in mutum ya zauna ya yi lissafi. A 215/45 R17, faɗin tayar milimita 215 ne, tsayin gefenta kashi 45 cikin 100 na faɗin, wato wajen milimita 97. A 225/35 R19 gefen bai kai milimita 79 ba. Wannan tazara ta kusan santimita biyu ita ce katifar da ke tsakanin ƙarfen wili da bakin rami. In ta yi kaɗan, rami yana matse robar har ta haɗu da ƙarfe, zaren ciki ya tsinke, gefen ya kumbura, wili ya lotsa ko ya tsage. Taya mai kumburi kuwa ba ta gyaruwa, duk mai facin da ya ce maka zai gyara ta, kada ka hau hanyar Zariya da ita. Akwai kuma tsayin ƙafar gaba ɗaya. Ta kamfani milimita 625 ce, wadda ta zo da motata 640. Ƙarin ya kai kashi 2 da ɗoriya cikin 100, ma'ana kowace giya ta ɗan ƙara tsawo, tashi ya ƙara nauyi, maleji kuma yana nuna ƙasa da abin da ya saba nunawa a gudu iri ɗaya.

Ba na son a fahimce ni cewa babban wili ba shi da amfani ko kaɗan. Yana da shi. Gajeren gefe ba ya lanƙwasa sosai, don haka da ka taɓa sitiyari mota ta amsa, kuma wannan na ji shi da 19 a kan kwalta mai kyau. Babban dalilinsa na gaskiya kuwa shi ne burki. Porsche 911 Carrera S ta 2019 tana zuwa da inci 20 a gaba, 21 a baya, ga doki 450 ga manyan fayafayan burki da ke buƙatar wurin zama, kuma tun daga zane aka tsara sifirin da shokazobarta da wannan girma. Motocin Formula 1 ma sun bar inci 13 sun koma 18 a 2022, amma sai da aka sake ƙirar motocin gaba ɗaya. Tawa motar burkinta ƙarami ne, cikin wilin 19 sai ka hango shi can tsakiya da fili fetal kewaye da shi. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na masu tseren rali na duniya: mota ɗaya, in za ta hau kwalta sai a sa mata inci 18, in za ta shiga tsakuwa da burji sai a sauke a sa 15 da taya mai kauri. Wanda yake zaune a Malali yana aiki a Independence Way hanyarsa ɗaya ce, wanda yake shiga Rigasa ko Hayin Banki kullum tasa daban ce.

Na tambayi Baba ko in tsaya a tsakiya, in sa 18. Bai hana ni ba. Ya ce 18 da taya 215/40 zai zauna daidai, tsayinsa kusan ɗaya da na kamfani, kuma gaskiya ne, sabuwar GR86, magajiyar wannan motar, mai babban daraja da wannan girman take zuwa. Amma ya ce in yi tunanin ranar da taya za ta fashe mini a Birnin Yero ko Jaji da yamma, wace ce zan fi saurin samu. Na zaɓi 17.

A nan ne na ga ƙwarewar da ta sa nake ba da shawarar shagon. Yawancin wilin da ke yawo a kasuwar Kaduna na Camry ne da Accord, huji biyar a kan da'irar milimita 114.3. Motata huji biyar ne a kan 100. Yaron shagon ya ɗauko na Corolla ya ce ai shi ma biyar a kan 100 ne, zai shiga. Baba ya girgiza kai ya ce hujin tsakiyar na Corolla ya yi ƙanƙanta, ba zai zauna a kan cibiyar ba. Ya yi gaskiya, na Corolla milimita 54.1 ne, nawa 56.1 irin na Subaru. A wani wurin da sai a ce a kai wa mai injin yanka ƙarfe ya buɗa hujin, ko a cusa wani faranti a tsakani a ɗaure a sallame ka. Shi ya ce in ba shi lokaci. Cikin makon ya kira ni, ya samo saiti huɗu na asalin motar, faɗin inci 7, 'yan Beljiyam amma babu walda babu lotsawa. Kafin a sa musu taya sai da ya ɗora kowanne a injin balansin tsirara, ya juya shi a gabana, ya kafa alli kusa da bakinsa don mu ga ko yana rawa. Ɗaya ya ɗan taɓa allin a wuri guda, kaɗan ƙwarai, ya ce wannan baya za shi.

Kan taya ma bai yi mini rufa-rufa ba. Yana da tsofaffi 'yan Beljiyam masu kyan gani, zanensu da saura, kuma da na nuna sha'awa saboda sauƙin kuɗi sai ya juyo da gefen ɗaya ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ta tsufa sosai. Ya danna farcensa a robar, ta bushe ƙamas. Ya ce wannan ta mai zagayen cikin gari ce a hankali, ba ta motar da za ta hau hanyar Abuja a zafin watan Maris ba. Na sayi sababbi. Mutane da yawa suna kashe kuɗinsu kaf a wili, sai abin da ya rage su sayi taya da shi, alhali roba ce ke taɓa ƙasa. Kamfanin da ya ƙera ta ma da gangan ya sa wa motar tayar Michelin Primacy HP, irin wadda ake sa wa wasu Prius, mai matsakaicin riƙo, don bayanta ya riƙa motsi cikin sauƙi a hannun direba. Wanda yake son ƙarin riƙo, taya mai kyau a kan 17 za ta ba shi fiye da abin da taya mai araha a kan 19 za ta ba shi.

Bambancin kuwa tun kafin in fita daga Panteka na fara jin sa. Hanyar cikin kasuwar duk gargada ce da guntayen ƙarfe, da shigowata tafiyar hawainiya na yi, da fitata ƙafafun suna taka ramukan suna wucewa ba tare da wannan dukan da ke girgiza gaban mota ba. Sitiyari ya yi sauƙi a hannu. Giya ta biyu da ta uku sun dawo da kuzarinsu, allurar juyi tana hawa ba tare da jan ƙafa ba. A shataletale, inda kwalta ta yi 'yan tuddai, bayan motar ya daina tsallen nan, yana bin layin da na ɗora shi. Ƙarar da dashbod ke yi ta ragu sosai. Mai ma na ga sauƙi, zirga-zirgar da na saba yi tsakanin gida da wurin aiki ba ta cin tanki kamar da. Abin da na rasa shi ne wannan kaifin amsawa na farkon juya sitiyari a kan kwalta mai santsi, yanzu akwai ɗan taushi kafin ta kama. Kyan gani ma ya ragu, 'yan acaɓa sun rage waiwaye, wani abokina har cewa ya yi na mayar da ita motar malaman makaranta. Na yarda da wannan musaya da zuciya ɗaya.

Yanzu naƙasun. Na farko, kuma shi ya fi damuna, yaran shagon da bindigar iska suke ɗaure noti, su yi ta bugawa har sai ta daina motsi. Motata awon ɗaurinta 120 ne a ma'aunin Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗaure noti, kuma kusoshin ƙafarta ba sa son a wuce gona da iri. Baba yana da sifana mai awo, a cikin akwati take, sai da na roƙa aka ɗauko aka sassauta aka sake ɗaurewa. Shagon da ya san bambancin 54.1 da 56.1 bai kamata ya bar wannan sai an tambaya ba, kuma na faɗa masa haka cikin ladabi, ya karɓa. Na biyu, ba su da injin alaimen. Bayan irin dukan da ƙafar gaba ta sha dole a duba saitin ƙafafu, sai da na tafi wani wuri daban a gari. Na uku, in wuta ta ɗauke sai an jira a tayar da janareto kafin injin balansin ya yi aiki, wurin zama kuma benci ɗaya ne a bakin rumfa, rana tana dukansa daga azahar. Ba sa ajiye sababbin tayoyi masu girman motocin gudu, sai an aika an kawo, don haka kada ka zo da niyyar gamawa a yini ɗaya. Rasit ma sai ka nema.

Kuɗi kuwa ba zan ce araha ba ne, Baba ba ya ragi da yawa, in ya faɗi farashi kusan nan zai tsaya. Amma ya karɓi wili ukun da ba su lalace ba ya rage mini daga kuɗin, na huɗun kuma ya ce ba zai sayar wa kowa ba sai masu narka ƙarfe, ko da an buga an miƙe shi. Kuɗin aiki da balansin daidai yake da na sauran wurare. Tayar 17 kuma ta fi ta 19 sauƙi nesa ba kusa ba, ga ta a wadace a gari.

Wanda yake neman wili mai walƙiya na zuwa biki, akwai shaguna da yawa da suka fi wannan kaya, can ya dace ya nufa. Mai BRZ, ko 86, ko Mazda MX-5, ko tsohuwar BMW mai ƙofa biyu da yake jin motarsa ta yi nauyin ƙafa, shi nake ba shawarar ya shiga Tsohuwar Panteka ya nemi layin masu wili. Ya je da safe kafin rana ta kai kan bencin, ya ce a auna masa tsohon da sabon a sikeli, ya karanta shekarar taya da idonsa, kuma kada ya tayar da mota sai an ɗaure notin da sifana mai awo.